Ranar da Lungu Ya Riƙe Min Mota

'Yata Hafsa ta ce mu bar motar haya a gindin dutse, mu hau wani tsohon ƙauye na Italiya da ƙafa. Na ce, "Ke, rufe min baki! Ni da nake tuƙi a babban titin Gate City Boulevard na garinmu Greensboro?"

Na kutsa da motar cikin wani lungu na ƙauyen. Lungun ya yi ta tsukewa har bango ya kama motar hagu da dama. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ina ta salati, tsofaffin garin suna leƙe ta taga. Ta but ɗin bayan motar aka zaro ni, ɗankwali a hannu.

Har yau in na faka a masallacinmu na Greensboro, sai Hajiya Rabi ta ƙwala wa yara kira: "Ku buɗe but, Anti za ta fito!"