Jikan Inna a Baƙin Allo

Ranar sunan ɗan ƙanena da ke Jidda, na bugi ƙirji cewa Inna za ta ga jikanta a babban allo, tunda ba ta gani a waya. Na kakkaɓe tsohon allonmu, na jona shi da sabuwar kwamfuta da wasla, wato wayar haɗi, har uku daga kasuwar garin Hasahisa. Ban tambayi kowa ba. Ashe ɗaya baibai na sayo.

Dangi suka cika gida, allo baƙi ƙirin. Inna ta matso, ta daɗe tana kallon fuskarta a gilashin, ta ce, "Wayyo, da tsufansa aka haife shi?"

Har yau, da na miƙa hannu zan ɗauki jariri, sai mata su ce, "A'a, Bashmuhandis, babban injiniya, kada ka tsofar mana da shi."