Surukin Malam Arzika a Gidan Burukutu

Wani ne a Argungu, Allah ya yi shi da ƙorafi. Ko ruwan randa ka ɗebo masa, sai ya ce ko ya cika sanyi, ko moɗar ta yi nauyi. In ka yi masa kyautar riga, kafin ya ce an gode sai ya nuna maka inda tela ya karkace. Matarsa Laure ta daɗe da daina tambayarsa ko miya ta yi daɗi.

Ban da ƙorafi yana da wani halin, yana ɗan taɓa burukutu. Surukinsa kuwa, Malam Arzika, babban manomin albasa ne a fadamar Rima, kuma ba ya wasa da wannan magana. Ya kira shi ya zaunar. Ya ce in ya daina sha zai saya masa injin ban ruwa, ya yanka masa fili a fadama, shi ma ya zama mutum. In kuwa ya sake jin ko warinta a jikinsa, inji ya zama na ɗansa Munzali. Mutumin naku ya yi kuka har da majina, ya ce ya tuba. To, mu dai haka muka ji.

Lokacin ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba. Birnin Kebbi ta cika ta batse da sababbin ma'aikata da 'yan kwangila, ofisoshi duk a gidajen haya. Aka ce an kawo injina ana sayar wa manoma da rangwame. Shi da surukinsa suka yi sammako suka zo. A ofis aka ce mai makullin sito ya tafi Sakkwato ganin iyali, sai bayan la'asar.

Malam Arzika ya ce zai je Gwadangaji ya gaida wani malami abokinsa. Mutumin ya ce shi ma zai leƙa Badariya ya duba wani ɗan'uwa marar lafiya. Ba shi da ɗan'uwa a Badariya, mai lafiya ko marar lafiya.

Suna rabuwa ya warware ƙyallen da ke kafaɗarsa ya naɗe fuska, ido kaɗai ya bari. Ya sayi malafa ya kifa a kai. Ya tare ɗan kabu-kabu ya raɗa masa abin da yake nema. Aka sauke shi a bayan gari, bakin titin Argungu, gidan wata mata Balaraba. A nan ake dafawa, a nan ake sha. Manyan tukwane na tafasa a bayan gida, a gaba kuma ga rumfa da bencina.

Shirinsa mai kyau ne. Zai sha ƙoƙo ɗaya, ba zai yi magana da kowa ba, sannan ya tauna ɗanyar albasa ya koma ofis kamar wanda ya fito daga dubiya. Don haka ya wuce rumfa, ya je can ƙurya kusa da murhu, ya zauna a kan wani kututture.

Hayaƙi ya turnuƙe shi. Zafi ya taso masa ta baya. Cinnaka ta shiga wandonsa ta fara aiki. Ya cije, ya ce wa ransa yau kam zai kama bakinsa. Sai dai wanda ya saba ya saba.

"Ke mai gida! Wanga wurin zama na, ko ko gasa mutane kuka yi?"

Balaraba mace ce mai jiki, mai sanyin magana, wadda ta ga mashaya iri-iri. Ta dube shi tana juya tukunya.

"Bawan Allah, kai kaz zaɓi nan. Ga rumhwa can iska na kaɗawa."

"Ni ba ni son jama'a."

"To su ma ba su son hayaƙi, shi yas sa sunka bar maka shi."

Ya tashi yana mita ya koma rumfa. Yana zama benci ya karkata, ƙusa ta kama masa riga.

"Dubi! Ƙahwa guda gajera! Mutum shi zo hutawa, shi koma kamar yana cikin kwalekwale?"

"Matsa tsakiya," in ji Balaraba.

Ya matsa tsakiya, tsakanin wani tsoho da wani direban tifa. Aka kawo masa ɗanɗano, wato ɗan kurɓin da ake ba mutum kyauta ya ji daɗin abin kafin ya saya. Ya ɗaga ƙyalle ta ƙasa zai sha, rabi ya shiga baki, rabi ƙyalle ya shanye.

Tsohon ya ce, "Malam, ƙyallen ga ya hi ka sha."

Aka yi dariya. Mutumin ya duba dama, ya duba hagu. Duk baƙin fuskoki ne, Birnin Kebbi ta zama garin baƙi. Wa zai san shi a nan? Ya warware ƙyalle ya jefa a kafaɗa, ya ji iska ta taɓa shi. Sai bakinsa ya samu fili.

"Wanga ɗanɗano na? Ko harshena bai jiƙe ba. Nawa kuka sai da ƙoƙo?"

Ta faɗa masa. Ya zabura har benci ya kusa kayar da tsohon.

"La ila! Da dawa kuka yin ta ko da zinari?"

"Tun da anka ba mu jiha mi ab bai tashi ba? Dawa ta tashi, icce ya tashi, ruwa ma sai na saye."

"To ƙoƙon hwa? Shi mi yas sa yaƙ ƙanƙance? Shi ma jiha anka ba shi?"

Duk da haka ya saya. Ya karɓa yana leƙa ciki, yana cewa rabi kumfa ce. Yana cikin sha sai ya ga Balaraba ta cika wa direban tifa ƙoƙo, sannan ta ƙara masa ludayi guda a kai. Nan ransa ya ɓaci ƙwarai. A duniya ba abin da ke ƙona masa rai kamar ya ga an ba wani abin da ba a ba shi ba.

"Tsaya, tsaya! Shi mi yas sa anka yi mashi gyara, ni ba a yi mani ba? Kuɗɗina jabu na?"

"Gyara ta 'yan gida ta. Wanga na san shi, na san ubanai. Kai ko kaz zo da huska naɗe kamar ɓarawon akuya. Baƙo ba ya da gyara."

"Ni ab baƙo? Ni ba a sani ba?"

"To wane ne kai?"

A nan ne mai hankali zai haɗiye miyau ya yi shiru. Shi kuwa sai ya ajiye ƙoƙo ya miƙe tsaye.

"Kin san Malam Arzika na Argungu? Mai albasa, wanda motoci ka lodin kayanai har Ikko?"

"Wa bai san Malam Arzika ba?"

"To ɗiyatai nika aure! Laure! Kuma yau ɗin ga za shi saya mani injin ban ruwa!"

Rumfa ta ɗauki "Af!" Balaraba ta ce ai bai faɗa da wuri ba, ta zuba masa ludayi guda. Ya zauna yana murmushi, yana kallon direban tifa a ɗage. Shi a ganinsa ya ci riba.

Ƙoƙo ɗayan nan ya haifi ƙanne. Tunda yanzu ana masa gyara, ya ga barin ta asara ce. Albasar da ya tanada don kashe wari, tsohon da ke gefensa ya roƙa ya haɗa da tsire. Rana ta karkata, wasu 'yan kwangila suka shigo da manyan riguna, Balaraba ta tafi wajensu. Mutumin ya ɗaga ƙoƙo ya kira, ba ta ji ba. Ya sake kira. Ya buga ƙoƙon a benci.

"Ke! Tun yaushe nika kira? Surukin Malam Arzika guda, a bash shi shina ihu kamar mai tallan gishiri?"

"Hannu biyu gare ni, ga wuta ga mutane."

"Ga ƙuda! Ga benci na cizo! Ba mai ce maka sannu, ba mai ce maka ina gajiya. Mutum shi kashe kuɗɗinai a wulaƙanta shi? Wanga ba sana'a ba ta!"

Ya juya ga 'yan kwangila yana neman shaida. Ya juya ga tsoho. Ya fara bin mutane benci benci yana tambayarsu ko su sun gamsu. Wasu suka fara tattara takalma. Balaraba ta ga mutum ɗaya zai watsa mata kasuwa. Ta goge hannu a zane ta zo ta tsaya a gabansa.

"Ranka shi daɗe, mun yi kuskure. Irinku ba a aje su ga benci. Taso."

Ta shiga ɗaki ta fito da kujerar kushin, ita kaɗai gare ta, wadda ta saya da kuɗin adashi. Ta kai ta waje ƙofar gida, gindin dogon yaro, dab da titi. Ita dai so take ya yi nisa da rumfarta. Ta ɗora masa matashi, ta kawo ƙwarya babba mai zane ta cika ta fal. Sannan ta kira mai goge da maroƙin gidan, ta ce su je su ji da babban baƙo, kada su bar shi ya samu zarafin magana.

Mutumin ya nutse cikin kushin. Ya cire malafa ya ɗora a gwiwa, ya harɗe ƙafa. Iska na kaɗawa daga fadama. Rabonsa da jin daɗi irin wannan tun ranar aurensa. Ya laluba ko'ina bai ga abin kushewa ba, har abin ya fara damunsa.

Mai goge ya ja. Maroƙi ya gyara murya ya fara a hankali, don ya san irin wannan gida ba a cika son a ambaci suna ba.

"Sannu da hutawa, na Argungu. Sannu babban baƙo."

Mutumin ya ɗaga hannu.

"Kai, tsaya. Wanga roƙo na ko gulma? Ni da nika kusa ban ji ba. Ba ka ci abinci ba? Kuma wane babban baƙo? Ba ni da dangi? Ɗaga murya!"

Maroƙi ya dubi Balaraba. Balaraba ta ɗaga kafaɗa. Sai ya toshe kunne da yatsa, ya buɗe maƙogwaro.

"Surukin Malam Arzika na Argungu! Mijin Laure, angon albasa! Mai injin ban ruwa, yau kai ka ban ƙwarya ruwa! A gaya ma Rima ga mai shanye ta nan tahe!"

"Yawwa! Ƙara!"

Ya ƙara. 'Yan kabu-kabu suka tsaya. Masu dawowa daga kasuwa suka sauke kaya. Leburori da ke gini a tsallaken titi suka ajiye kwanon siminti suka zo kallo. Kafin ka ce me, titi ya cushe. Mutumin ya miƙe da ƙwarya a hannu yana ɗan taka rawa, yana cewa mai goge ya rage sauri.

Wata a-kori-kura mai zuwa Argungu ta iso, ta rasa hanya, ta tsaya tana hon. A baya ga sabon inji cikin kwali, an ɗaure da igiya. A gaba kusa da direba ga wani dattijo da carbi, ya leƙo kai don ya ji wanda ake kira da sunansa a tsakiyar titi.

Maroƙi ne ya fara ganin fuskar dattijon. Nan take ya katse roƙon. Goge ya yi wani ƙara ya mutu. Mutane suka dare, Malam Arzika ya sauko ya tako a hankali har gindin dogon yaro.

Mutumin ya daina taka rawa. Ya durƙusa zai yi gaisuwa, ya rasa inda zai ajiye ƙwarya, sai ya durƙusa da ita a hannu.

"Baba, sannu da... an hito lahiya?"

"Mai makulli ya dawo tun azahar," in ji Malam Arzika. "Na amshi inji. Na jira ka har na gaji. Na tahi Badariya ina tambaya gida gida, ina marar lahiya ɗan Argungu. Har addu'a niy yi mashi."

"Ya samu sauƙi, Baba."

"Yi mani shiru!"

Dattijon ya waiwaya ya dubi injin, ya dubi mijin 'yarsa. Tausayin Laure ya kama shi, ya ga bari ya bar ƙofa ɗaya a buɗe.

"Ba ni son in yanke hukunci cikin hushi. Ƙila yau ɗai shaiɗan yar rinjaye ka. In haka na, hwaɗa mani, in san abin da za ni ce ma Munzali. Amma dube ka! Kai yanzu don Allah, wanga wane irin wuri na nis same ka ciki?"

Fuskar mutumin ta washe. Tun safe sai yanzu ya samu wanda ya goyi bayansa.

"Wallahi Baba, abin da nika ta hwaɗi ke nan tun ɗazu! Wurin banza na. Bari mu isa Argungu in kai ka inda nika sha kullum, ka ga yadda aka cika ƙwarya."