Yadda Ake Rufe Wa Tsohuwar Motar Tsere Baki da Katifa

Kai da ka gaji tsohuwar motar tsere mai ƙofa biyu, wadda in ta tashi kajin maƙwabta ke watsewa, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka sake jin ƙarar injinka ba. Abdulsalami na Maje ya bi su sau da ƙafa, shi ne shaidata.

1. Samo wanda zai sa maka wa'adi

Motar Abdulsalami ta marigayi mahaifinsa ce, tana tsakar gida tun rasuwarsa. Ya gyara injin, ya kankare tsatsa, ya fesa mata jan fenti. Saura matsala biyu: ƙara, da zafin da ke tasowa ta ƙasa kamar ka taka tanderun gurasa.

Matarsa Lauratu ta ce, "Baban Rabi'a, ranar Asabar akwai suna gidan ƙanwata a Tafa. In motar nan ta kai ni ban jiƙe da gumi ba, ban kurumce ba, ta zauna. In ba haka ba, baban bola zan kira ya kwashe, in gina shago a wurin."

Motar nan kuwa ita kaɗai ta rage masa daga tsohon.

2. Raina kayan kamfani

Za a ce maka akwai baƙar shimfiɗa mai danƙo da ake liƙawa a ƙasan mota ta shanye ƙara, da wata mai ƙyalli da ke tare zafin salansa. Wai sai an yi oda, a jira. Jira kuma? Kai da kullum kana cikin cunkoson hanyar Abuja, ai ka yi jiran da ya ishe ka har jikokinka.

3. Nufi wajen mai katifa

Abdulsalami ya je shagon Ifeanyi a kasuwa. Ifeanyi ya bubbuga katifa ya ce, "Alhaji, wannan soso orijina ne. Ko janareto ka kwantar a kai, barci zai yi."

Sayi biyu. Ƙara da kiret ɗin ƙwai na kwali, tunda masu waƙa na manna shi a bango ya tare ƙara. Abin da ya iya da mawaƙi ba zai kasa da inji ba.

4. Cusa ko'ina

Yanka soso, cusa a ƙofofi, ƙarƙashin kafet, bayan kujeru. Abin da ya rage kada ka yar, almubazzaranci ne. Naɗe salansa da shi, ka ɗaure tamau da waya. Salansa ce ke zafi, kuma mai zazzaɓi lulluɓe shi ake yi.

5. Ɗage gilashi

Ranar Asabar Lauratu ta shiga da leshinta da turmin atamfar barka. Abdulsalami ya ɗage gilashi, ya murza makulli. Shiru! Har ƙarar awarwaronta yana ji.

Ta ce, "Lallai ka yi ƙoƙari."

Daɗi ya kashe shi, ya taka mai.

6. Amsa gaisuwar jama'a

Za ka ga mutane sun bar abin da suke yi suna ɗaga maka hannu. Kada ka yi girman kai. Abdulsalami ya ga mai shayi ya miƙe, mata sun ɗora hannu a ka, 'yan acaba na bin sa bakinsu a wangame. Ba ya jin komai, katifa ta yi aikinta. Sai ya riƙa jinjina musu ta gilashi kamar ɗan takara.

"Kin gani? Haka ake yi wa Baba in ya fito da ita."

Lauratu ta ja hanci. "Wa ke ƙona bola a nan?" Sai ta ɗage ƙafa. "Innalillahi! Takalmina na narkewa!"

7. Fita da abin da hannu ya kai

Sun fito lafiya. Jama'a suka yi ta zuba ƙasa da fiya-wata, amma soso in ya kama da wuta ba ya jin lallashi. Kafin hayaƙi ya lafa, masu bola har sun iso da kurarsu suna jira a gefe, ba wanda ya kira su.

Abdulsalami ya ari sifana, ya kwance sitiyari, ya zauna bakin kwalta ya rungume shi. Gefen dama ya sule fes, daidai inda tsohon ke riƙewa. Ya ɗora hannunsa a wurin, hawaye suka zubo masa.

Lauratu ta riga ta tare acaba. Ta dube shi, ta sallami mai acabar, ta zauna kusa da shi ba takalmi.

"In na gina shagon, sai mu rataye shi a ciki."

Tsame hannu

Ni dai shiru na yi maka alkawari, ban ce za ka isa Tafa ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya ga hayaƙi, tsakaninsa da salansarsa. Ban san shi ba, Ifeanyi ma ya ce kayan da aka yanka ba a mayarwa.