Shafi Ashirin da Kwamitin Mutum Tara

Ranar Talatar makon jiya jikata Renata ta hau motar makarantar da nake tuƙawa, ta wuce ni kamar ta wuce turken lantarki. Na ce, "Ke, ba gaisuwa?" Ta ce, "Ba na gaisawa da masu hana mutane karatu, tsoho." Yara arba'in suka saki ihu a bayana. Shekara ashirin da shida ina kai 'ya'yan garin nan makaranta cikin dusar ƙanƙarar Michigan, ban taɓa shan kunya irin wannan ba.

Bari ku ji laifina. Wata biyu da suka wuce na tsinci wani littafi a ƙarƙashin kujerar baya, da hatimin laburaren makaranta a jikinsa. Ni karatuna bai yi nisa ba, a aji tara na ajiye na shiga gareji, amma tsakanin jigilar safe da ta yamma mutum yana da awa biyar ba abin yi. Na buɗe. Labarin wata Nasrin ne, Musulma, iyayenta 'yan Bangladesh, da wani Mateo, ɗan Katolika, kakarsa 'yar Meziko. Aikin hutu ya haɗa su a shagon ayis kirim. Tana azumi tana zuba wa mutane, shi kuma ya koma cin abincin ranarsa a bayan shago kusa da bola, don kada ta gani. Shafi ɗari biyu, babban abin da ya faru shi ne ya riƙe mata lema. Uwarta ta gano, kakarsa ta gano, kowacce ta kwanta ciwon kai. Ina daidai inda Mateo ya tsaya a ƙofar gidan su Nasrin da tiren tamale, ƙullin masarar nan, wanda kakar ta yi da kaza maimakon alade, sai littafi ya ƙare. Wani ya yage shafi ashirin na ƙarshe.

Na je ofis na ce ina da ƙorafi kan littafi. Aka miƙo min takarda ruwan ɗorawa. Na rubuta ƙarara cewa shafuka sun yage, a sayo sabo, na sa hannu.

Ashe a gundumarmu, da zarar takarda ruwan ɗorawa ta shiga, launinta ake dubawa, ba rubutun ba. A ranar aka kwashe littafin daga makarantu duka. Aka kafa kwamitin mutum tara. Aka ɗauko wani masani daga wata jiha, aka sauke shi a otal mai wurin ninƙaya. Malama Ferrer mai kula da laburare, wadda ta sayo littafin, aka ce ta zauna a gida har a gama bincike. Wannan ne ya tsaya min a rai. Saura wata bakwai matar nan ta yi ritaya, in kwamiti ya ɗora mata laifi, kora ce.

Mai Girma Shugaban Hukumar Makarantu, Allah ya ƙara masa lasifika, ya fito a talabijin ya ce wani ɗan ƙasa mai kishin tarbiyya ne ya ankarar da su. Shi ne fa ya yi mana alkawarin gyara hitar da ke ɗumama motocin makaranta tun zaɓe biyu baya, har yau yara da safar hannu suke zama. Amma takarda ɗaya, cikin awa huɗu an yi aiki. In manya sun yi ƙoƙari a yaba musu.

Na shiga gidan burodin maƙwabcina Bassam, ya tare ni tun daga ƙofa.

"Wozniak! Wai kai ne mai kishin tarbiyyar? Kai da ko takardar tarar mota ba ka karantawa?"

"Rage murya, don Allah."

"To ka janye mana."

"Na je. Janyewa ma da tata takardar, shuɗiya, kuma ta ƙare."

"Matata sau biyu ta karanta littafin, sau biyu ta yi kuka. Wai yaron ya fi ni hankali."

"To ta faɗa min ƙarshen."

"Ta ce ko gawarka ta gani ba za ta faɗa ba. Burodi nawa?"

An sa zaman jin ra'ayin jama'a ranar Alhamis da ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da jama'ar duk suna wurin aiki. Kowa minti uku, ga jan agogo a bango. Wani ya miƙe ya ce littafin zai janye 'ya'yan Kirista zuwa masallaci. Wata ta miƙe ta ce zai janye 'yan matan Musulmi zuwa coci. Suka tafa wa juna. Tun da nake garin nan ban ga fahimtar addinai irin ta ranar ba.

Da aka kira ni, na cire hula na ce, "Ranku ya daɗe, ni ne mai takardar. Tambaya ɗaya ce ta kawo ni. Da aka buɗe ƙofa, uwar ta karɓi tiren ko ba ta karɓa ba?"

Mai Girma ya dubi masani. Masani ya dubi kwamfutarsa.

"Wane tire?" in ji wani a ƙarshen tebur.

Mai Girma ya gyara murya. "Malam Wozniak, kwamiti ba ya amsa tambaya. Saura maka minti biyu."

Sai lauyar hukuma, wata siririya da tun ɗazu take latsa waya, ta ɗago kai. "Dakata, Baba. Kana nufin ba ka karanta shi har ƙarshe ba?"

"Ina zan ga ƙarshen, 'yata? A yage yake. Na rubuta muku."

Ta jawo takardar ta karanta. Ita ce mutum ta farko da ta yi hakan. Ta ce dokar hukuma ta shar'anta mai ƙorafi ya karanta littafi daga farko har ƙarshe, don haka takardata ba ta da inganci, duk abin da aka gina a kanta ya rushe. Nan take mutum tara da ba su taɓa buɗe littafin ba suka ɗaga hannu gaba ɗaya cewa ni ban cancanci magana a kansa ba, tunda ban gama shi ba. Wallahi ban taɓa jin daɗin wulaƙanci haka ba.

Jiya Litinin Malama Ferrer ta koma kujerarta. Na je na ba ta haƙuri, ta dube ni ta saman tabarau, ta sa sunana a layin masu jiran aro. Ni ne na ɗari da goma sha huɗu.

Yau kuma jaridar garin ta buga hoton Mai Girma yana ɗaga sabon kwafi sama, wai ya tsaya tsayin daka ya kare 'yancin karatu, littafin kuma ya taɓa masa zuciya. Na sa tabarau na duba da kyau. Ledar da aka sayo shi da ita tana nan a jikinsa, ko ɓare ta ba a yi ba.