Gwangwanin da Na Ce Zai Yi Sanyi

Duk yawan mantuwata, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da malamin kwaleji ya zo duba koyarwata a Ajingi. Har yau in na tuna sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi aka tura ni koyarwar gwaji wata sakandaren 'yan mata, kullum daga Gaya nake tahowa. Kemistiri nake koyarwa, kuma darasin ranar ya faɗo kan sauyin zafi idan an haɗa sinadarai: wani haɗin yakan fitar da zafi, wani kuma ya zuƙe shi. In malamin ya kayar da ni, sai na maimaita shekara, ƙawayena su fita su bar ni.

Ɗakin gwajin makarantar ba komai a ciki sai karyayyun kujeru. Malaman suka ce in rubuta a allo kawai in huta. Ni kuwa na ce wallahi sai yaran nan sun taɓa da hannunsu. (Taurin kaina sananne ne a gidanmu, Inna ta daɗe da sallama ni.)

Na ɗebi takin yuriya a buhun Baba, shi in ya narke a ruwa sanyi yake sawa. Na roƙi Gwaggo mai yin sabulu ta sam mini soda, ita kuwa zafi take kawowa, ba kaɗan ba. Na gwada a gida, komai ya tafi daidai. Na ƙulle kowanne a farar leda. Dukansu farare ne, 'yan ƙwayoyi kamar gero. In rubuta suna a jiki? Haba, ni da na san kayana? Yuriya a aljihun dama na jaka, soda a na hagu. Abin da ban lissafa ba shi ne, in jaka ta juya, dama takan koma hagu.

Malam Habu sunan malamin, dattijo mai farin gilashi, wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Ya zauna a bayan aji. Na fara bayani muryata ras, yara suna bi na. Da na ga yana gyaɗa kai, sai kaina ya kumbura, na ce bari in burge shi gaba ɗaya.

"Malam, don Allah ku taimaka ku riƙe mana gwangwanin nan, don ɗalibai su tabbatar ba coge."

Ya taso ya karɓi gwangwanin madara da na zuba wa ruwa. Na juye ledar aljihun dama, na motsa da tsinke, na sanar wa aji cewa yanzu ruwan zai zuƙe zafin hannun Malam, zai ji sanyi. Na juya ga allo na zana alamar tarawa, ƙatuwa, wato haɗin ya ƙaru da zafin da ya zuƙa.

"Malama," in ji shi a hankali. "Anya kuwa?"

"Ku ɗan ƙara haƙuri, Malam, sanyin yana zuwa."

Bawan Allah ya yi haƙuri. Ya mayar da gwangwanin hannun hagu, ya dawo da shi na dama.

"Malama, abin nan fa zafi yake yi."

A nan mai hankali zai tsaya ya duba. Ni na riga na haddace darasina, ba wanda zai karkatar da ni. Na yi murmushi irin na masana na ce, "A'a Malam, ai tsananin sanyi yakan yi kama da zafi. Kamar in mutum ya riƙe ƙanƙara."

Wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu. "Malama, to ga tururi nan yana tashi."

Kafin in waiwaya Malam Habu ya dire gwangwanin a tebur yana salati, yana yarfe yatsu yana hura musu iska. Ajin ya ɓarke da dariya, har da masu dukan benci. Ni dai ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Idona ya ciko, ga ƙofa a buɗe, ƙafata har ta fara nufarta.

Amma na ce in dai faɗuwa zan yi, sai na ƙarasa darasina tukuna. Na ba shi haƙuri, na miƙa masa ruwan sanyi ya tsoma yatsu. Na goge alamar tarawa na sa ta ɗebewa. Na ce, "Soda na zuba, ba yuriya ba, kuskurena ne. Zafin da Malam ya ji, daga cikin haɗin ya fito ya shiga hannunsa. Haɗin ya yi asarar zafi, shi ya sa alamar ta zama ɗebewa." Sannan na juye ɗaya ledar a wani gwangwanin, na riƙe da kaina. Da ya yi sanyi na zagaya da shi benci-benci, kowa ta taɓa. Da na zo kusa da Malam Habu, sai ya ɓoye hannuwansa a aljihu.

Bayan an tashi ya kira ni ofishin malamai, yatsunsa sun yi ja. Na tsuguna ina jiran hukunci.

"Kin ci," ya ce. "Ba don gwajin ba, don ba ki gudu ba. Amma 'yata, ni na taɓa riƙe ƙanƙara."

Yanzu ina da ajina, kuma ko gishiri na ƙulle a leda sai na rubuta masa suna. In kuwa wanda ke riƙe da gwangwani ya ce mini da zafi, ba na ƙara buɗe masa littafi. Karɓa nake yi in ajiye.