Yadda Ake Zaga Dausayi da Karen da Bai San Ka Ba

Kai dattijo, matso kusa. In 'ya'yanka sun fara ƙus-ƙus cewa ka tsufa, ba ka iya riƙe kanka, to ga magani, sha yanzu magani yanzu. Matakai bakwai ne, kuma na ba ka tabbacin kafin rana ta take maganar za ta mutu murus. Ba da ka na ƙirƙiro su ba. A wajen maƙwabcina Jinadasa na kwafo, tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa, mutumin da ya shekara talatin jirgi ba ya motsi sai ya ɗaga hannu.

Ga abin da ya sa shi a gaba. 'Yarsa Dilhani, da ke aikin jinya a Ostareliya, ta rantse in bai fara tafiyar ƙafa yadda likitan ciwon suga ya ce ba, za ta tashe shi daga gidansa na bayan Kolombo, ta kai shi Kandi wajen yayarsa, matar da har yau take tambayarsa ko ya wanke bayan kunnensa. Shi kuwa ya gwammace kurkuku. Don haka wata takwas yana shirga wa Dilhani ƙaryar cewa kullum da sassafe yana zaga dausayin tsuntsaye da karenta Tikiri. Ranar cikar wata, wadda a ƙasar ranar hutu ce mai tsarki, sai ta ce tana son ta gani da idonta, ta kiran bidiyo.

1. Ka tabbata karen bai san ka ba

Wannan shi ne tushe. Kada ka taɓa ba shi abinci da hannunka, ai ba girmanka ba ne. Bar wa mai yi maka girki. A gidan Jinadasa, Soma ce, tsohuwar da ta shekara ashirin da biyu a madafin. Ita ke wanke Tikiri, ta cire masa kaska, ta fita da shi lokacin da maigida ke jan minshari. In shi da karen suka yi kiciɓis a baranda, gaisuwar nesa suke yi kamar surukai.

2. Sayi kaya

An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Rabu da su, ranar ma ta fi. Farin takalmi, farin gajeren wando, malafa. Zanen da ka saba ɗaurawa ka bar shi a gida, kada masu kallon tsuntsaye su ɗauka kwakwa ka kawo talla.

Soma ta dubi maigidanta daga sama har ƙasa ta ce, "Yallabai, dausayi za ka ko ɗaurin aure? Bari in bi ku. Karen nan in ya ga ruwa kansa kwancewa yake."

"Ke Soma, jirgin ƙasan da ke zuwa garin Badulla ma da hannu ɗaya nake tsayar da shi, balle wannan abin. Koma kan tukunyarki."

Kai ma haka za ka ce. Shawarar da ta fito daga madafi hayaƙi ce, kaɗa ta da hannu.

3. Kada ka taka daga gida

Hau adaidaita. Ƙarfin ƙafa ba a ɓarnatar da shi inda babu mai gani.

4. Nuna wa mai gadi matsayinsa

A bakin ƙofa akwai allo da ya ce a riƙe kare da igiya. Karanta shi da murmushi. Doka ta mutanen da ba a sani ba ce.

Da suka isa, mai gadi ya taso da fara'a. Jinadasa ya gyara tsayuwa don karɓar gaisuwa, sai mutumin ya wuce shi ya durƙusa.

"Tikiri, ɗan gari! Yau ina Inna?"

"Kai, ka san ko da wa kake magana?"

"Haba, Yallabai, na sani mana. Ai kai ne maigidan Inna Soma. Ta ce ba ka tashi sai ƙarfe tara. Lafiya dai ko?"

Kada ka amsa. Wuce kawai, kana wasa da igiyar kamar ka ɗauki maganar raha.

5. Kira 'yarka, sannan ka kwance igiyar

Nemi tsakiyar gadar katakon da ta ratsa ruwan, inda balbela ta yi fari fat a kan bishiyoyi. Yayyafa ruwan gora a goshi ya zama gumi. To, kira.

"Baba! Kai, yau ga ka ga Tikiri! Amma me ya sa yake jan ka haka?"

Gaskiya jan sa yake, kamar bunsurun da ya ga mahauci. Nan fa dabara take. Karen da ke jan igiya yana tona asiri, don haka sake shi.

"Ai ba ya son igiya ne," in ji Jinadasa. "Ni da shi da ido muke magana."

Ya ɓalle ƙarfen igiyar. Tikiri bai ko waiwayo ya duba idon ba. Wani guza mai tsawon tabarma yana shan hantsi a bakin ruwa, karen ya yi tsalle ya bi shi cikin laka. Balbelun nan suka tashi buu. Wasu mutum huɗu da suka yi awa biyu a tsugune da dogayen kyamarori suka miƙe, aka fara yi wa Jinadasa kirarin da bai taɓa ji ba a tasha.

6. Kira karen da murya irin ta manya

"Tikiri! Dawo nan! Na ce ka dawo!"

Ko gezau. Guzan ya juyo ya kumbura wuya, ya fara kaɗa jelar nan tasa mai karya ƙafar kare. Nan ne Jinadasa ya tsorata da gaske. Karen marigayiyar matarsa ne kafin ya zama na Dilhani, kuma in ya mutu a nan, da wane ido zai dubi yarinyar?

"Baba, ba haka ake kiran sa ba."

"Ke za ki koya mini? Wata takwas..."

"Baba, ɗaga wayar sama, ka ƙure mata murya."

Ta haɗa Soma cikin kiran. Tsohuwar tana madafi. Cokali kawai ta buga a kwanon tasa, ƙwal ƙwal ƙwal. Tikiri ya bar guzan kamar ba su taɓa haɗuwa ba, ya taho a guje, ya hau gadar, ya daka tsalle kan wayar da ke kiran sa cin abinci. Wayar tana hannun Jinadasa, shi kuma yana bakin gada. Tinjim!

7. Fito daga laka da mutunci

Ruwan iya ƙugu ne, ba za ka mutu ba. Riƙe wayar sama yadda ya yi, ko ba komai ka ceci abu ɗaya. Matsattsaku kuwa kada ka kashe su, yau ranar tsarki ce, bar su su sha su ƙoshi.

Masu kyamarori suka jawo shi, bayan sun ɗauki abin da suka samu a madadin tsuntsu. Ya zauna a kan katako, takalmi ɗaya, yana jiran faɗa. Faɗan bai zo ba.

"Baba, tun watan farko na sani. Kullum Inna Soma tana turo mini hotonsu a wajen nan. Jira nake ka gaji da ƙaryar ka bi su, ko sau ɗaya."

"To gidan fa? Karen fa, wa zai duba shi in na tafi?"

Dilhani ta amsa masa a hankali.

"Kare yana da mai duba shi, Baba, kuma yana jin maganarta. Inna Soma, a haɗa masa akwati."

Soma ta ce, "To, uwar ɗakina. Da farin wandon ko a bar shi?"

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba mai gadi ba, kuma bai taɓa riƙe igiyar kare ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa takalmi, ko jini, ko gida, shi ya jiyo, kada ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Masu neman ƙarin bayani su tuntuɓi Jinadasa a Kandi, in yayarsa ta bari ya ɗauki waya. Jiya na gamu da Soma da Tikiri suna dawowa daga dausayin, ta ce maigida ya bugo sau uku a makon nan yana tambayar lafiyar karen. Karen dai bai tambaya ba.