Rasuwar Tsohuwa, Na'urar Gem ta Gidan Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da ya gaji da ɗaukarsa, Tela na ƙarshen layi ke sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar na'urar wasan gem ta gidansa, wadda aka fi sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a mazauninta na ƙarƙashin talabijin, ana tsakiyar buga ƙwallo.

Mutane sun yi mata shaida. Mai aski ya ce bai taɓa ganin abin da ya jure ɗaukewar wuta kamarta ba. Jikoki sun ce ta cika nawa, amma ba ta rowa. Maman yara kuwa, a lokacin da take raha da mijinta, ta sha cewa Tsohuwa kaɗai ke iya sa Tela ya ɗaga murya. Gaskiya ta faɗa. Mutum ne da zai saurari labarinka har ƙarshe, ya auna ka, ka fita shagon ba ka san yadda muryarsa take ba.

Don yara aka sayo marigayiya. Yara suka girma suka watse, ita ta zauna. Da furfura Tela ya shiga ajin manya, kuma a fuskarta ya fara karanta rubutu ba tare da an riƙe masa hannu ba. Yana haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, tana jiransa. Ba ta taɓa yi masa dariya ba.

Ciwon ajalinta daga idon da take karanta faifai da shi ya faro. A da, in an kunna ta, sai ta ce "wuuum", faifai ya ɗauka. Daga baya sai "ƙyas, ƙyas, ƙyas", ta juya faifan, ta juya, ta haƙura. Mai gyara ya ce idon irinta ya ƙare a kasuwa, sai dai tiyata: a dasa mata manhaja a katin memori, a kwafe faya-fayan gidan cikin babban filash, a datsa manyan wasannin gida-gida, a soka mata a gaba. Daga nan ba ruwanta da ido. Sharaɗi ɗaya ne, sai an wanke filash ɗin tas kafin ta karɓe shi.

Babban filash ɗaya ne a gidan. Yana cikin durowar Maman yara, a naɗe cikin ɗankwali, kuma a cikinsa muryar Innarta take, Allah ya jiƙanta: hirarraki, faɗa, dariya, da waƙar da take wa jikoki. Tela ya san da haka. Amma ya taɓa jin 'yarsu Auta tana cewa za ta kwafe su a kwamfutarta. Ya ji, ya riƙe, bai tambaya ko ta kwafe ɗin ba. Tambaya ba ɗabi'arsa ba ce. A shagon mai gyara, kwamfuta ta yi gargaɗi cewa komai zai goge. Ya karanta da kansa, a tsanake, har da ɗan jin daɗin ya gane. Ya ce a danna.

Auta ba ta kwafe ba.

Tiyata ta yi kyau. Tsohuwa ta miƙe, ko da yake in wasa ya zo wurin bidiyo takan yi in'ina. Maman yara ba ta yi faɗa ba. Ta ninke ɗankwalin ta mayar cikin durowa. Tun ranar take ajiye abinci, ta dawo ta kwashe kwanuka. A lokacin ne Tela ya gane nauyin shirun da ya shekara yana ba mutane. Ya ɗinka mata riga mai aiki a wuya. Rigar na nan rataye a ƙusa.

Ba a yi nisa ba Tsohuwa ta ce "ɗif", ƙaurin waya ya tashi. Mai gyara ya buɗe ta, ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali.

Ta rasu ta bar hannayen buga wasa biyu, ɗaya na da laifin ja gefen hagu. Da memori ɗaya. Da tarin faya-fayai masu zane a baya. Da jikoki da tuni suka koma wayar iyayensu. Da filash cike da wasannin da babu mai buga su.

Za a yi mata sutura da ƙyallen da ya rage na rigar nan, a sa ta cikin kwalinta na asali, a ɗora saman kabad gobe da safe. Ba a buƙatar taro. Mai son gaisuwa ya samu Tela a shago, zai saurare shi.

Kafin a ɗora kwalin, akwai abin da ya rage. Ɗazu Tela ya ɗauki filash ɗin ya je ƙofar kicin, ya tsaya har Maman yara ta gama wanke tukunya. Ya yi gyaran murya, muryar da sai ƙwallo ta shiga raga ake jinta.

"Maman yara, ni na goge muryar Inna. Na karanta, na gane, na ce a danna. Da na tambaye ki. Ki yafe mini."